Ruwan Alwalar Yaya Fatsuma

Wanda bai taɓa yin bazara a Makka ba, da wuya ya gane abin da ya sami gidan su Awwalu sai an fara yi masa bayanin famfo. A garin nan tankin ruwa a kan rufi yake, rana tana dukansa tun hantsi har la'asar, ta yadda idan watannin zafi suka kama, famfon da aka yi wa alamar sanyi shi ne mai ƙona hannu. Dabarar da mutane suka saba da ita ita ce su kashe hita, wadda suke kira sahhan, su bar ta rataye a banɗaki cike da ruwa. Tunda a inuwa take, ruwan cikinta yakan huce, sai famfon zafi ya koma shi ne na sanyi. Da wannan ruwan tsofaffin unguwar Shisha suke alwalar azahar.

Gidan hawa uku ne, mahaifinsu ya gina shi a shekara ta 1402 ta Hijira, bayan an rushe tsohon gidansu na Misfala an biya shi diyya. Kakansu yana cikin waɗanda suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya yi shekaru yana noma a bakin Shuɗin Nilu kafin ya ƙetaro teku daga Suwakin. Saboda daɗewar nan ne zuriyarsa suka sami takardar zama 'yan ƙasa tun ana bayarwa cikin sauƙi. Yanzu ƙanensu Hamad ne a hawan sama, Awwalu a tsakiya, yayarsu Fatsuma kuma a ƙasa, a ɗakin da ƙofarsa ke kallon titi. Tun da mijinta ya rasu ta koma can. Kowace shekara idan alhazai suka fara gangarowa daga Mina da ƙafa, takan sa a fito mata da kujera da randar roba, tana miƙa ruwa tana kasa kunne. Da ta ji an yi Hausa sai ta ɗaga murya, “Ku na wane gari ne?” Ciwon sukari ya daɗe da kashe mata jijiyoyin ƙafa, ba ta iya zuwa Harami sai a keken turawa, don haka wannan ƙofa ita ce duniyarta.

Awwalu ne ya kawo Mukhtaru, mai aikin famfo. Hitocin gidan sun tsufa sun yi tsatsa, ɗaya har ta taɓa jan jikar Hamad da wuta, ga Fatsuma tana kukan sanyin ruwa da asuba a watannin hunturu. Mukhtaru kuwa ɗan gida ne: mahaifinsa ya iso ta Chadi, da fasfon can, a shekarun farin da aka yi a farkon 1970, lokacin da ƙofar zama ɗan ƙasa ta riga ta ƙuntata, kuma tsohon da Awwalu sun yi aiki tare shekara da shekaru a wurin motocin alhazai na Muzdalifa. A Makka aka haifi Mukhtaru, amma har ya yi furfurar gemu da iƙama yake zaune, takardar baƙo da ake sabuntawa. Ya kawo shawara a cire ƙananan hitocin nan duka, a ɗora babba guda ɗaya a kan rufi ta shayar da hawa uku, kamar yadda ake yi a otal. Awwalu ya ga abin ya yi kyau, har ya tallata shi ga maƙwabta, gida shida suka bi sahu.

Hunturun farko kowa ya sa albarka. Da bazara ta shigo ne aka tuna abin da babu wanda ya tuna a lokacin aiki: babbar hitar tana rufi, kusa da tanki, rana ɗaya ce take gasa su. Ko an kashe ta ruwanta ba ya hucewa. Famfo biyu suka zama ɗaya.

Wata ranar Talata Fatsuma ta shiga alwalar azahar ita kaɗai, ta buɗe famfon da hannunta ya saba buɗewa shekara arba'in. Ta fara da tsarkake ƙafa saboda ta taka wani abu a tsakar ɗaki, ta bar ta a ƙarƙashin ruwan tana cuɗa diddige da ɗaya ƙafar, ba ta ji komai ba. Sai da ta sunkuya ta sa hannu ne ta yi ƙara. Lokacin da Awwalu ya sauko a guje, fatar bayan ƙafar ta saluɓe.

“Awwalu,” ta ce masa a mota, tana cije leɓe, “ni dai na ce maka ina jin sanyi. Ban ce ka dafa ni ba.”

Ƙunar ta ƙi warkewa, kamar yadda takan yi wa masu sukari, har aka yanke mata yatsu biyu. Kafin ta dawo daga asibiti wata masifar ta ɓullo. Fentin bangon matakala ya fara kumbura yana ɓamɓarowa, ɗakin Fatsuma ya ɗauki warin danshi, fitilu suna ɗaukewa da kansu. Injiniyan da aka kira ya fasa bango a wuri uku, ya zaro guntun bututu ya nuna wa Awwalu. Bututun ruwan sanyi ne, in ji shi, mai araha, ba a yi shi don zafi ba; ya yi laushi, mahaɗansa sun buɗe, kuma watanni ke nan ruwa yana tsiyaya a cikin ginin har ya kai ga rodin ginshiƙai. Ya ce wajibi ne ya sanar da hukuma, hukuma kuma ta ba su wa'adi: ko a fara gyara, ko a fita daga gidan. Gyaran ya fi ƙarfin fanshon Awwalu da albashin Hamad ko an haɗa su.

Sai aka nufi kamfanin da Mukhtaru yake gudanarwa da sunan wani ɗan ƙasa da ake kira Turki. Awwalu ya tarar da shagon a kulle, an cire allon suna, mai sayar da taya na kusa ya ce ai sun karye tun kafin azumi. Kotu ta naɗa wani amintacce ya tattara abin da ya rage ya raba wa masu bin haƙƙi. Mutumin ya karɓi Awwalu da mutunci, ya ba shi shayi, sannan ya gaya masa gaskiya: abin da kamfanin ya bari tsohuwar a-kori-kura ce da tarin bututu, kuma akwai ma'aikata da dillalai a gabansu. Ya rubuta sunansa a ƙarshen layi.

Masu gidajen suka taru a ɗakin baƙin Hisham, maƙwabcin da silin ɗakin 'ya'yansa ya rufto. Hamad ya zo da 'yarsa Hadil, wadda take aikin lauya, Hausarta kuma ba ta cika tsayawa ba sai ta jingina da Larabci.

“Kamfanin da sunan Turki yake,” in ji ta, “kuma Turki yana da gidaje, kowa ya sani. Amma doka ta raba dukiyarsa da ta kamfani. Hanya ɗaya ce za mu kai gare shi, ya jama'a: mu tabbatar cewa kamfanin ba na gaskiya ba ne. Tasattur ne. Ya ba Mukhtaru, baƙon da doka ta hana mallakar kamfani, aron sunansa yana karɓar rabonsa duk wata, bai san ko bututu ɗaya ba.”

“To wa bai san haka ba?” Hisham ya ce. “Ko kuliyoyin unguwa sun sani.”

“Sani daban, shaida daban, ya ammi. Ana son wanda ya gani da idonsa.”

Babu wanda ya kalli Awwalu, kuma wannan rashin kallon ya fi kallo nauyi. Shekara goma sha biyar da suka wuce, a bayan masallacin unguwa bayan sallar la'asar, mahaifin Mukhtaru ya riƙo hannunsa ya ce ya zo ya tsaya musu. Ba a rubuta komai ba. Turki ya faɗi abin da za a riƙa ba shi, tsohon ya amsa a madadin ɗansa, aka shafa Fatiha, irin yadda aka saba tsakanin mutanen da suka yarda da juna kuma doka ba ta bar musu wata ƙofa ba. Shaidu biyu ne, ɗayan ya rasu.

“Idan na faɗa,” Awwalu ya tambaya a hankali, “me zai sami yaron?”

Hadil ta gyara mayafinta. “Hukunci a kan su biyun ne. Amma shi, bayan ya gama, za a fitar da shi daga ƙasa.”

“Zuwa ina? Ko a mafarki bai taɓa ganin Chadi ba.”

“Mu kuma zuwa ina?” Hisham ya daka masa tsawa. “Kai ka kawo mana shi, Awwalu. Ka zo har nan, ka zauna a kan wannan dardumar, ka ce ɗanka ne. To ɗanka ya rushe mana gidaje. 'Ya'yana a falo suke kwana. Ko sai silin ya kashe ɗaya sannan za ka tuna abin da ka gani?”

Awwalu ya tashi ya sa takalmansa.

Fatsuma ta ji labarin kafin ya shiga wurinta, don gidan ba ya riƙe magana. Ya same ta ƙafar tana kan matashi, an ja gadon an nesanta shi da bangon da ke zufa.

“Na ji an ce za ka je ka yi wa'azi a gaban alƙali.”

“Ban ce zan je ba, Yaya.”

“Ba ka ce ba za ka je ba. Zauna. Ka san uwar yaron nan ita ta yi wa Inna wankan gawa tare da ni?”

“Na sani. Amma idan ba a sami kuɗin gyara ba, fitar da ke za a yi daga ɗakin nan. Kin san haka?”

Ta daɗe tana kallon ƙofa.

“Ban iya kwana a wani wuri ba,” ta ce. “Wallahi ban iya ba. A asibitin nan ma idona biyu har aka sallame ni. Amma kakanmu da wace takarda ya shigo? Zuwa kawai muka riga su, shi ke nan. Yatsuna ne aka yanke, ba naka ba. Na yafe.”

“Kin yafe yatsu. Gidan fa? Na Hamad ne, nawa ne, na Hisham ma yana nan.”

“To ka je ka yi abin da ka ga dama, tun kana yaro ba ka jin magana. Miƙo mini carbina.”

Ya tafi unguwar Ka'akiyya neman Mukhtaru, yana fatan ya tarar da wani abu da zai sauƙaƙa masa: sabuwar mota a ƙofa, ko taurin kai, ko ƙarya. Ya tarar da shi a ɗaki biyu a bayan wani gareji, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Matarsa Mujahida ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo gahawa da dabino, ta kwashe yara zuwa ciki.

“Don me ka sa wannan bututun?” Awwalu ya tambaya.

“Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Dillalin da yake ba ni mai kyau ya daina ba ni sai da kuɗi a hannu. Turki kuma ranar ɗaya ga wata yana ƙofar shago, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Na ce wannan zai riƙe shekara biyu, kafin nan na miƙe in zo in canza muku da kaina. Ban yi lissafin rana ba.”

“An haife ka a Makka, ka ce ba ka yi lissafin rana ba?”

Mukhtaru ya sunkuyar da kai. “Yaya ƙafar Hajiya? Na zo asibiti sau biyu na kasa shiga.”

“Suna so in yi shaida.”

“Na ji.” Ya ɗago. “Ba zan roƙe ka ba, Baba, ba ni da fuskar roƙo. Da ina da abin sayarwa da na sayar. Ko aikin hannu kuke so, in zo in fasa bangon in sake, ba na son ko riyal.”

“Da wane kaya? Kuma wa zai bar ka ka sake taɓa masa bango?”

Daga ciki aka ji wata yarinya tana karanta haddar makaranta da Larabcin Makka tsantsa, uwar tana ce mata ta rage murya.

Awwalu ya koma gida da niyyar yin shiru, kuma ya yi shirun na wani lokaci. Maƙwabta suka daina amsa masa sallama da sakin fuska. Hamad ya daina saukowa shan shayi. Duk wannan ya jure. Abin da ya karya shi wata safiya ce da ya shiga wurin Fatsuma ya tarar ta jawo tsohon akwatinta na ƙarfe da kanta, tana zaune a ƙasa tana ninke zannuwa, wai don kada ranar ta zo a tsaya jiranta. Ta ɗauki makullin ɗakin tana juya shi a hannu, ta rasa ko a akwatin za ta sa shi. Ba ta san yana tsaye ba. A ranar ya kira Hadil.

Ya faɗi abin da ya gani daidai, bai ƙara ba bai rage ba: wurin, lokacin, kalmomin da aka yi, da wanda ya fara ɗaga hannu don Fatiha. Mukhtaru bai musa ko kalma ɗaya ba. Da aka tambaye shi ko yana da ja a kan shaidar, sai ya ce, “Baba Awwalu ba ya ƙarya.”

Hukunci ya fito bayan an sha zirga-zirga. An ci Turki tara mai nauyi, amma tara ta baitulmali ce, ba ta masu gidaje ba. Da Hadil ta bi sawun gidajen da kowa ya sani nasa ne, sai ta tarar tun shekarun baya suna kan sunan matarsa da 'ya'yansa. Warware wannan, in ji ta tana kauce wa idon baffanta, wata shari'a ce sabuwa, mai tsawo, kuma babu tabbas. Haƙƙinsu ya koma inda yake, a ƙarshen layin amintaccen kotu. Mukhtaru kuwa aka tsare shi, sannan aka sa shi a jirgi zuwa Njamena. Mujahida da yaran suka rage a kan iƙamar mahaifinta, wani tsoho mai gadin ma'ajiyar kaya, wadda ita ma ba a san ranar da za a ƙi sabunta ta ba.

Wa'adin hukuma ya cika ana saura 'yan makonni alhazai su fara isowa, lokacin da haya a Shisha ba ta taɓuwa. Hamad ya koma gidan surukansa. Awwalu ya nemi wurin da ƙarfinsa zai kai, mai ɗaki a ƙasa saboda ƙafar Fatsuma, dillali ya zaga da shi, aka ƙare a Ka'akiyya. Sai da motar kaya ta karya kwana ya gane layin: garejin nan ne a ƙarshensa.

Fatsuma ba ta yi masa faɗa ba, kuma ba ta sake tayar da maganar ba. Tsokanar ce kawai ta ɗauke. Takan amsa gaisuwarsa, ta ce lafiya lau, ta juya ga bango. Tagar sabon ɗakin katangar maƙwabta take kallo. Ranakun Mina suka zo suka wuce, babu wanda ya bi ta ƙofar.

Bayan sallah da kwanaki, Awwalu ya dawo daga Shisha, inda yakan je ya duba kwaɗon ƙofa ya tsaya ya kalli tsagar da ke ƙara tsawo a bangon gaba. Azahar ta gabato. Ya tura ƙofar ɗakin yayarsa, sai ya tsaya cak.

Mujahida ce durƙushe a gaban gadon. Ta tara ruwa a babbar roba tun safe ta ajiye a ƙarƙashin fanka, yanzu tana tsoma gwiwar hannunta a ciki, ta jira, ta sake tsomawa, kafin ta ɗago ƙafar Fatsuma mai yatsu uku ta ɗora a kan cinyarta.

“Ya huce, Hajiya. Kawo ɗayar.”

“Mijin naki ya kira ki?” Fatsuma ta tambaye ta.

“Shekaranjiya. Ya ce Hausarsa dariya take ba su, Larabcinsa kuma ba irin nasu ba ne. Yana kwana a wani masallaci. Ya ce in tambayi ƙafarki.”

“Ki ce masa tana nan.”

Mujahida ta ji motsi a ƙofa. Ta san ko wane ne, ba ta waiwayo ba.

“Sannu da zuwa, Baba,” ta ce, tana zuba ruwa a hankali tsakanin yatsun.

Awwalu yana nan tsaye a bakin ƙofa. Makullan gidan Shisha suna hannunsa, har sun yi masa shaida a tafin hannun. Ladan ya fara kiran salla a masallacin layin, muryar da bai saba da ita ba tukuna.

“Ja mana ƙofar, Awwalu,” in ji Fatsuma, idonta a kan ruwan. “Zafi yana shigowa.”

Ya ja ƙofar, ya tsaya a bayanta daga waje.